ƊALIBI MAI KOYAR DA ƊALIBI: NAZARI A KAN AIKIN JAGORAN BITA A JAMI'A

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a jami'a ya san karatu iri biyu ake yi a cikinta. Akwai wanda ake yi da rana a ɗakin lacca, malami yana gaba yana bayani, ɗalibai suna ta fama da rubutu. Akwai kuma wanda ake yi bayan la'asar ko bayan lisha, a wani ajin da ba kowa ko a gindin bishiya, inda ɗalibin da ya gane yake warware wa 'yan'uwansa abin da ya shige musu duhu. Na farkon shi ne ke cikin jadawali, shi ake biyan albashi dominsa. Na biyun kuwa ba ya cikin takardar kowa, amma da za a tambayi ɗalibai da yawa inda suka fahimci darasin da ya fi ba su wahala, da can za su nuna.

A waɗansu ƙasashe, musamman Amurka, an ɗauki wannan karatu na biyu an gina masa cibiya a cikin jami'a, an naɗa masa shugaba, ana zaɓen ɗalibai a horar da su, a kuma biya su ladan koyar da 'yan'uwansu. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda aikin ya faro, da yadda ake gudanar da shi, da abin da ke ɓata shi. Tun da yake har yanzu ba mu da tsayayyen suna na mai wannan aiki a Hausa, zan kira shi jagoran bita. Na guji kiransa ƙaramin malami da gangan, mai karatu zai ga dalili a gaba.

Asalin Al'amarin

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hanya. A tsangaya, malami ɗaya ba ya iya bin kowane allo, saboda haka gardi shi ke rubuta wa kolo da titibiri, shi ke biya musu, shi ke sauraronsu kafin su wanke. A makarantar zaure ma, in an tashi daga gaban malam, akan koma gefe a yi bita, wanda ya riga ya sauke littafin ya ja wanda yake tsakiyarsa.

Turawa sun shigo da abin cikin tsarin boko ne ta hannun mutum biyu. Na farko shi ne Andrew Bell, wani limamin coci wanda ya shugabanci gidan marayu a Madras ta ƙasar Indiya daga 1789. Da malamansa suka gaza masa, sai ya sa manyan yara su koya wa ƙanana haruffa a kan yashi, ya kuma wallafa bayanin abin da ya gani a 1797. Na biyu shi ne Joseph Lancaster, wanda ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a Landan a 1798, yana da'awar cewa da irin wannan tsari malami ɗaya ya ishi yara dubu. Yaran da ake ɗora wa koyarwar su ake kira monita, sunan da har yau muke jin sa a makarantunmu na firamare, ko da yake monitan namu aikinsa bai wuce rubuta sunayen masu surutu ba. Tsarin ya bazu ƙwarai, sa'an nan ya mutu, domin an gano cewa monita maimaita abin da aka cusa masa kawai yake yi, kamar aku. A 1846 hukumar Ingila ta sauya shi da tsarin ɗaukar yara a horar da su aikin malanta na shekaru. Wannan cuta da ta kashe tsarin Lancaster ita ce har yanzu ke bibiyar jagoran bita.

Cibiyoyin da ake gani yau a jami'o'in Amurka sun bunƙasa ne daga wajen 1970. A shekarar nan ce jami'ar birnin Niyok ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin, sai ga ɗalibai sun kwararo, da yawansu ba su da shirin karatun jami'a. Kenneth Bruffee, wani malamin Turanci a kwalejin Brooklyn, ya lura da cewa ɗaliban nan suna ƙin zuwa wurin taimakon da aka tanada musu, domin a ganinsu wani ajin ne aka sake buɗe musu, alhali ajin ne ya kayar da su tun farko. Da aka sa 'yan'uwansu ɗalibai su zauna da su a kan rubutunsu, sai suka fara zuwa.

Tsarin Kansas

Tsarin da ya fi shahara, wanda kuma ya fi dacewa mu tsaya a kansa, shi ne wanda Deanna Martin ta kafa a 1973 a Jami'ar Misuri da ke birnin Kansas. A Turance ana taƙaita sunansa da SI, ma'anarsa kuwa ƙarin darasi. Abin da ya jawo shi shi ne yawan ɗaliban da ke faɗuwa suna barin karatun likita da na haƙori da na haɗa magunguna, alhali ba a ɗauke su ba sai da aka tabbatar haziƙai ne.

Hikimar Martin a wuri ɗaya take. Maimakon ta nemo ɗalibai masu rauni ta ware su, sai ta nemo darussa masu kisa. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne, duk darasin da kashi 30 cikin 100 na masu ɗaukarsa, ko fiye, suke faɗuwa, ko su tsallake da kyar, ko su janye, to wannan darasi yana bukatar bita. Bitar kuwa ta kowa ce, da mai ƙoƙari da mai rauni, kuma ba tilas. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. In aka ce ɗakin nan na daƙiƙai ne, ba mai taka ƙofarsa ko da zai mutu. In aka ce darasin ne mugu, sai kowa ya shiga da mutuncinsa. Wanda ya san halin ɗalibanmu, da yadda kunya ke hana mutum tambaya har ranar jarrabawa, ya san wannan dabara a nan ma za ta ci. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai in an samu inda ba za a yi wa mai cibin dariya ba.

Jagoran bita a wannan tsari ɗalibi ne wanda ya riga ya ɗauki darasin ya ci shi da kyau. Sharaɗi ne ya koma ajin ya sake zama tare da sababbin ɗalibai, ya saurari laccar, ya rubuta abin da suke rubutawa, domin ya san ainihin abin da aka faɗa bana, kada ya dogara da na bara. Sa'an nan ya shirya zama biyu ko uku a mako, kowanne kimanin sa'a guda. Ba ya duba takardar jarrabawa, ba ya ba da maki. A bisa kansa akwai ma'aikacin cibiya wanda ke shigowa lokaci lokaci ya zauna a baya ya ga yadda zaman ke tafiya. Ma'aikatar ilmi ta Amurka ta amince da tsarin a 1981, daga nan ya tsallaka zuwa Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu da waɗansu ƙasashe, a wasu wuraren da sunan PASS.

Banda wannan akwai zama na mutum da mutum, wanda aka fi yi a ɗakunan gyaran rubutu da na lissafi: ɗalibi ya sa sunansa, a ba shi lokaci, ya zo da matsalarsa. Tun 1989 wata ƙungiyar malaman dabarun karatu ta Amurka, mai suna CRLA a taƙaice, take tantance horon da cibiyoyi ke ba jagororinsu. Matakai uku ne, kuma matakin farko yana bukatar aƙalla sa'a 10 ta horo da sa'a 25 ta aiki da ɗalibai.

Yadda Ake Jan Bita

To, me ake koya wa jagora a cikin sa'o'in nan goma? Ba darasin ba ne, domin shi ya riga ya ci shi. Mafi yawan horon a kan abu ɗaya yake, watau yadda mutum zai kame bakinsa alhali ya san amsa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin yadda ake zato. Wanda ya sha wuya ya gane abu, ba abin da yake so irin ya zazzage shi a gaban jama'a.

Bari mu ɗauki misali daga namu fannin, domin shi muka fi sani. A Sashen Hausa, darasin tsarin sauti yana cikin masu firgita 'yan aji ɗaya da biyu, musamman sa alamar karin sauti. Abin mamaki a nan shi ne, ɗalibin da ya faɗi wannan darasi bai taɓa kuskuren karin sauti a maganarsa ba. Bai taɓa cewa ya hau kuka, mai sauraro ya zaci hawaye yake nufi ba. Ilmin yana bakinsa tun yana yaro, kunnensa ne bai farga ba. Saboda haka in jagora ya miƙe ya cika allo da kalmomi hamsin da alamominsu, ɗalibai su kwafa, to ya ba su abin hadda ne kawai, kuma ranar da malami ya kawo kalma ta hamsin da ɗaya an gama da su.

Ga yadda zaman ya kamata ya tafi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ni fa wannan karin sama da ƙasa ya gagare ni, a gaya mini na kalmar wuya kawai." Sai jagora ya ce, "Malama, wace wuyar? Sa mana ita cikin jimla." Ta ce, "Ya sha wuya." Ya ce, "To wata kuma fa?" Wani daga baya ya ce, "Ya riƙe wuya." Sai jagora ya nemi ta rufe bakinta ta yi gunjin kalmomin biyu ba tare da ta furta baƙi ko wasali ba, sauran kuma su saurara. Nan da nan za a ji ta farko ta tashi daga ƙasa ta hau, ta biyu ta faro daga sama ta sauka. Sai ya tambayi na kusa da ita abin da ya ji, shi ma ya faɗa, sa'an nan ya miƙa mata alli ta sa alamar da hannunta. Daga nan sai ya jefa musu kuka ta itace da kuka na hawaye, ya koma ya zauna. In sun ƙware a wannan, sai ya kawo gari na mutane da gari na tuwo, waɗanda karinsu ɗaya ne, tsawon wasalin gaɓar farko ne ya raba su, ya bar su su yi ta gardama har wani ya gano cewa wannan karon wata matsalar ce daban. A duk zaman nan jagora bai ba da amsa ko ɗaya ba, amma ɗalibar ta fita da ma'aunin da za ta auna kowace kalma da shi, ko a ɗakin jarrabawa, in dai ta yi gunjin a hankali.

Dabaru uku ne suka bayyana a misalin nan, kuma su ne ginshiƙan horon tsarin Kansas. Ta farko mayar da tambaya ga jama'a, ko ga littafin rubutun mai tambayar. Ta biyu jira. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta nuna a 1972 cewa malamai galibi daƙiƙa ɗaya tak suke jira bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani. In kuwa aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Daƙiƙa uku a baki ba kome ba ce, amma mai karatu ya gwada tsayawa shiru a gaban mutum ashirin da suka zuba masa ido, zai ji kamar shekara. Ta uku ita ce tabbatar da fahimta. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani ko kaɗan, domin ba a taɓa amsa ta da a'a ba. Sai dai a ce wa ɗalibi ya maimaita da kalmominsa, ko ya kawo nasa misali. In ana bitar rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, alal misali, wanda ya jero sayi da sayo da saye da sayar daga littafi bai nuna kome ba tukuna, sai an ba shi wani aikatau ya juya shi da kansa, ya kuma faɗi abin da kowane juyi ya ƙara wa ma'ana.

Dalilin da ya sa ɗalibi ya fi dacewa da wannan aiki ba wai don ya fi malami sani ba ne. Malamin da ya shekara ashirin yana sa alamar karin sauti ya manta yadda rashin jin sa yake. A wurinsa abin a fili yake kamar rana. Jagora kuwa bara ya fito daga ramin, har yanzu yana tune da inda ƙafarsa ta zame. Wannan kusanci shi ne jarinsa. Ranar da ya fara kwaikwayon tafiyar malami da muryarsa, ya tsaya a gaban allo yana zuba, ya zubar da jarin, bai kuwa samu ilmin malamin ba. Roscoe da Chi, a wani nazari da suka yi a 2007, sun nuna cewa jagorori da yawa, har waɗanda aka horar, sukan karkata ga zayyana abin da suka sani maimakon gina shi tare da ɗalibi. Monitan Lancaster ke nan ya dawo da babbar riga.

Iyakokin Aikin

Jarrabawa mafi girma ga jagora ita ce jinga. Ɗalibi zai zo da aikin da za a karɓa gobe da safe, ya ce a taimake shi don Allah, wani lokaci ma ɗan garinsu ne ko abokin ɗakinsa. Ƙa'idar cibiyoyin rubutu a nan ita ce alƙalami ya zauna a hannun mai aikin. Jagora yana iya sa shi ya karanta rubutunsa da ƙarfi, ya tambaye shi abin da yake nufi da wannan sakin layi, ya nuna masa kuskuren da yake yawan maimaitawa, kamar haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ya gyara ɗaya tare da shi, ya bar masa sauran. Stephen North ya yi bayani a 1984 cewa burin irin wannan ɗaki shi ne marubucin ya gyaru, ba takardar da ya kawo kaɗai ba. Tun daga ƙarshen 2022, da manhajoji irin su ChatGPT suka shigo hannun kowa, samun amsa ya zama abu mafi araha a jami'a. Jagoran da ba shi da abin bayarwa sai amsa, wayar da ke aljihun ɗalibi ta riga shi.

Akwai kuma amana. Wanda ya nuna maka jahilcinsa ya ba ka sirrinsa, bai kamata a ji shi a ɗakin kwana ko wurin mai shayi ba. Haka nan ɗakin bita ba majalisar cin naman malamai ba ce. In ɗalibai suka fara kukan cewa malam wane ba ya iya bayani, sai jagora ya mayar da su ga darasin. Kada kuma ya yi duba, ya ce ga abin da zai fito a jarrabawa. In ya lura matsalar ɗalibi ta wuce karatu, yunwa ce ko ciwo ko kuɗin rajista ko damuwa, to wannan ba fagensa ba ne, sai ya nuna masa ofishin da ya dace. A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya game da bitar da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa a jami'o'inmu. Da yawanta don Allah ake yi, amma kowa ya san mai bitar da ba a ganin himmarsa sai zaɓen ƙungiya ya ƙarato, da wanda bayaninsa ba ya tsawo sai in mai tambayar mace ce. Rashin mai sa ido shi ke kawo wannan.

Shin Yana Amfani?

Cohen da Kulik da Kulik sun tattara bincike 65 a 1982 a kan koyarwa irin wannan a makarantu, suka ga masu karɓa sun ƙaru, masu bayarwa ma sun ƙaru a fahimtar darasin da suka koyar. Gardawa ba za su yi mamakin wannan ba, domin mai biya wa yara kullum tilawarsa ba ta zubewa.

Game da tsarin Kansas kuwa, rahotanni da yawa sun nuna masu zuwa bita sun fi marasa zuwa maki. Amma a nan sai a yi hattara. Tun da zuwan ba tilas ba ne, mai yiwuwa masu himma ne ke zuwa, waɗanda ko ba bita za su ci. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Wollongong ta Ostareliya, aka buga a 2016, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar zaɓen waɗansu ɗalibai da ƙuri'a a kwaɗaitar da su zuwa. Ƙarin makin da aka gani kaɗan ne, bai kai a kafa hujja da shi ba. A ganina wannan bai rushe aikin ba, sai dai ya hana mu ɗaukarsa maganin kowace cuta. Bita ba za ta gyara ajin mutum ɗari biyar da ba lasifika ba, ba kuma za ta zama dalilin ƙin ɗaukar malamai ba. Lancaster ma da arha ya tallata hajarsa.

Abin da Sashe Zai Iya Yi

Ba sai an jira gini da kwamfutoci ba. Sakamakon jarrabawar shekaru uku da suka wuce yana ofishin sashe, daga cikinsa za a ga darussa biyu da suka fi kayar da 'yan aji ɗaya. Ƙungiyar ɗaliban Hausa tana iya neman malaman darussan nan su ba da sunayen waɗanda suka ci su da kyau, a zaɓi huɗu, biyu maza biyu mata, domin akwai ɗalibar da ba za ta buɗe baki a gaban namiji ba. Wajen zaɓe kada a tsaya ga maki kaɗai. Wanda ya zo na ɗaya ba tare da wahala ba sau da yawa ba shi da haƙuri da mai jinkirin ganewa, wanda kuwa ya faɗi gwajin farko sa'an nan ya farfaɗo ya fi sanin hanyar. A ba su horon kwana biyu kafin a fara zango, a sa wani malami ya riƙa leƙa su ko sau biyu a wata.

Sai maganar lada. A Amurka aiki ne da ake biya da lissafin sa'a. Zaman lacca uku da bita biyu da shirinsu yana cin sa'a bakwai ko takwas a mako, daga lokacin ɗalibin da shi ma jarrabawa ke jiransa, ga kuma kundin digiri in ɗan ajin ƙarshe ne. In sashe ba shi da kuɗi, yana da takardar shaida mai hatimi da sa hannun shugaba, yana kuma iya roƙa wa jagora gado a ɗakin kwanan ɗalibai, domin wanda zai tashi daga bita ƙarfe tara na dare bai kamata ya fita neman motar cikin gari ba.